Yadda Na Yi Hasashen Lalacewar Mararrabar Layin Dogo

Aikin da aka ɗora mini shi ne in yi hasashen yadda mararrabar layin dogo za ta lalace bayan miliyoyin tan na kaya sun bi ta kanta, domin masu kula da layi su san lokacin gurza ƙarfe ko yi masa walda tun bai tsage ba. Inda layi ya ratsa layi akwai giɓi, wanda ƙafar jirgi take tsallakewa daga ƙarfen gefe zuwa wani tsini da ake kira hanci, kuma a nan take ɗan nutsawa, sannan ta doki hancin da ƙarfin da ya zarce nauyin da take ɗauke da shi. Gurbin da ƙafar ke taɓawa bai fi farcen babban yatsa ba, amma a kansa duk nauyin yake sauka.

Na fara da ƙa'idar Archard ta 1953, wadda ta ce zaizayewa tana ƙaruwa da nauyi da tsawon zamewa, tana raguwa da taurin ƙarfe. Ita kaɗai ba ta wadatar, domin galibin hancin ana zuba shi ne da ƙarfen manganis da Robert Hadfield ya samar a 1882, wanda taurinsa ke farawa daga kusan 200 a ma'aunin Brinell, ya kai wajen 500 gwargwadon dukan da yake sha. Saboda haka a farkon amfani hancin yana lotsewa ne fiye da yadda yake zaizayewa, har wani leɓe ya turo a gefensa, wanda yatsa ke iya ji kafin ido ya gani. Sai bayan ya taurare ne zaizayewa da ƙananan tsage-tsage suke karɓar ragama.

Abin da ya fi gyara mini lissafi shi ne siffar ƙafafun. Sabuwar ƙafa tana sauka a kusan wuri ɗaya kullum, amma wadda tsakiyarta ta cinye tana makara wajen hawa hancin, ta kuma doke shi da tsanani. Don haka nake ɗura wa kwamfuta siffofin ƙafafu iri-iri da aka auna daga taragai masu aiki, in sabunta siffar hancin bayan kowane zango na wucewar kaya, in sake lissafi.

Har yanzu ba na yarda da sakamako sai na gwada shi da awon da aka yi a kan layi, musamman ma inda tsakuwar ƙarƙashi ta zauna ta bar rami, domin nan dukan yake ƙaruwa, hancin kuma ya riga hasashe lalacewa.