Ita Ma Fatalwa Tana da Doka

A makon jiya na rufe wani littafi cikin fushi, saura shafi 30 kacal in kai ƙarshensa, na cusa shi a ƙasan tarin waɗanda na yanke ƙauna da su. Labarin wata budurwa ne da ta gaji tsohon gida daga gwaggonta wadda ba ta taɓa sa wa ido ba, ta tare a cikinsa, ta tarar ashe ba ita kaɗai ba ce a gidan. Akwai fatalwar wata mata da aka kashe shekaru 40 kafin zuwanta, kuma abin da fatalwar take nema shi ne a tono wanda ya yi kisan. Tun daga babin farko marubucin ya yi ta nuna mini cewa fatalwar ba ta iya ƙetare bakin ƙofar gidan, domin duk lokacin da budurwar za ta fita, sai ta ji sanyin da yake biye da ita ya tsaya cak a nan. A kan wannan na ɗora duk lissafina har tsawon dare uku. Kwatsam, ana gab da kammalawa, makashin ya ritsa budurwar a wani gari mai nisa, sai ga fatalwar ta bayyana a can ta kuɓutar da ita. Ni kuwa na ji an yi mini maguɗi ido na ganin ido.

Da na kai kukana wurin wani abokina wanda ba ya karanta komai sai tarihi da siyasa, dariya ya yi mini har da riƙe ciki. A ganinsa, wanda ya riga ya yarda ya ɓata darensa a kan labarin ƙanzon kurege ba shi da bakin cewa ƙaryar ta yi yawa, tunda fatalwar da ta iya buɗe taga babu abin da zai hana ta hawa jirgi. Na kwana ina juya wannan magana tasa, domin ta taɓo ainihin abin da ya sa nake son nau'o'in ƙagaggun labarai uku da suka cika kantata, wato labaran bincike masu gauraye da gaibu, da labaran duniyar almara, da labaran soyayya da aka gina su a zamanin da ya shuɗe. Dukansu ukun a kan doka suke tsaye, kuma dokar tasu ta fi ta labaran rayuwar yau da kullum tsauri. Marubucin da yake ba da labarin ofis da makaranta yana iya jingina da abin da kowa ya riga ya sani, amma wanda ya kawo fatalwa dole ne ya gaya mini abin da take iyawa da abin da ya gagare ta, sannan ya tsaya a kan maganarsa har shafin ƙarshe.

Labaran bincike masu gaibu su ne na fi daɗewa a cikinsu, kuma a ganina su ne suka fi wuyar rubutawa, saboda abubuwa biyu masu gaba da juna aka ɗaure a turke ɗaya. Labarin bincike alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu cewa duk wata alama an ajiye ta a fili, kuma hankali kaɗai ya isa ya kwance ƙullin. Gaibu kuwa shi ne abin da hankali bai kai gare shi ba. Shi ya sa a shekarar 1929, da wani limamin Katolika ɗan Ingila mai suna Ronald Knox, wanda shi ma marubucin labaran bincike ne, ya tsara dokoki 10 ga masu wannan sana'a, ya sanya ta biyu ta kori duk wani abu na gaibu daga filin baki ɗaya. Ya kwatanta warware kisa ta wannan hanya da cin tseren kwale-kwale da ɓoyayyen inji. Ban ga laifinsa ba, domin in har aljani zai iya shiga ɗakin da aka kulle ta ciki, to mai karatu ya tashi a tutar babu, duk kuwa da wasa ƙwaƙwalwar da ya yi.

Hanyar da aka fi bi don kauce wa wannan tsaka mai wuya ta girmi dokar Knox da fiye da shekara 100. Ita ce a tsoratar da mai karatu da gaibu tun daga farko, sannan a ƙarshe a nuna masa hannun ɗan Adam ne. Ann Radcliffe ta yi fice da ita a littafinta na 1794 game da fadar Udolpho, inda tauraruwar labarin ta ɗaga wani baƙin mayafi, ta ga abin da ya sa ta suma, aka bar mai karatu yana ta saƙe-saƙe har ɗaruruwan shafuka kafin a gaya masa cewa mutum-mutumi ne na kakin zuma. Ranar da na isa wannan wuri, na ajiye littafin na yi tsaki, domin tsoron da na sha ya fi ƙarfin ladan da aka ba ni. Arthur Conan Doyle ya fi ta iya sarrafa dabarar a labarin karen gidan Baskerville, wanda ya fito kashi-kashi a mujalla tsakanin 1901 da 1902. Akwai tsohuwar la'ana a kan zuriya, akwai gawa, akwai sawun ƙaton kare kusa da ita, kuma a ƙarshe karen na gaske ne, wani ɗan dangi mai kwaɗayin gado ne ya shafa masa sinadari mai ƙyalli cikin duhu. Bambancin shi ne bayanin bai rage wa karen kwarjini ba, tunda haƙoransa suna kisa ko da la'ana ko babu. Wani abin dariya shi ne mutumin da ya sa jami'in bincikensa ya tona asirin wannan almara, shi ne kuma a 1920 ya fito yana kare wasu hotuna da 'yan mata biyu suka ce na ƙananan aljanu ne masu fukafukai, hotunan da su da kansu suka amsa bayan sun tsufa cewa zane ne aka yanka a takarda.

Duk da haka, hanya ta biyu ce ta fi kwanta mini a rai, wato a bar fatalwar ta zama fatalwa ta gaske, amma a mayar da ita shaida mai iyaka. Ba ta san komai ba sai abin da ta gani kafin ta mutu, tana iya yin kuskure kamar kowane shaida, wani lokaci ma tana da abin da take ɓoyewa. A irin wannan labari mai bincike yana da aiki biyu, domin kafin ya gano makashin sai ya fara gano dokar abin da yake hulɗa da shi: yaushe yake fitowa, me yake kiransa, me yake korarsa. Masanin adabi Tzvetan Todorov ya yi bayani a 1970 cewa ruhin irin wannan rubutu yana cikin kokwanton da mai karatu yake yi, ko abin da ya faru yana da bayani ko ba shi da shi. Na yarda da shi, sai dai ni kokwanton ba ya yi mini daɗi sai in na tabbata marubucin shi ya san amsar, ja mini rai kawai yake yi.

Labaran almara sun fi sauƙin karewa, domin tsofaffinsu ma sun san wannan. Masuncin da ke cikin Dare Dubu da Ɗaya ya jawo tulun tagulla daga teku, ya ɓalle murfin dalma mai hatimin Annabi Sulaimanu, sai ga ifiritu ya fito yana rantsuwar zai kashe shi. Da a ce ifiritun ba shi da abin da yake ɗaure shi, da labarin ya ƙare a layi biyu. Amma akwai tulun, akwai hatimin, akwai kuma girman kan da ya sa ya koma ciki don ya nuna wa masuncin cewa lallai jikinsa yana shiga, kuma da waɗannan kaɗai talaka marar ƙarfi ya ci galaba. Marubucin Ingila Tolkien ya kai abin ƙarshe a littafinsa The Lord of the Rings, labarin wani zoben sihiri, wanda ya fito a 1954 da 1955, domin harsunan mutanen duniyarsa ya fara ƙirƙira kafin labarin, kuma ya zauna ya daidaita kwanakin tafiye-tafiyen taurarinsa don waɗanda suka rabu su riƙa ganin wata iri ɗaya a dare ɗaya. Zoben kansa yana ɓatar da mai shi daga idon mutane, amma yana cin zuciyarsa a hankali. Sihirin da ba a biyan komai a kansa ba ya burge ni ko kaɗan, kuma shi ya sa nake yawan gajiya da jerin littattafan da suke kaiwa juzu'i bakwai ko takwas, inda tauraron da ya sha wuya kafin ya kunna kyandir a na farko yake rushe dutse da ɗan yatsa a na ƙarshe ba tare da ko ciwon kai ba.

Wanda mutane suka fi yi mini ba'a a kansa shi ne soyayyar zamanin da, alhali a nan ne dokar ta fi fitowa fili, tunda doka ce ta gaske wadda majalisa ta zartar. Galibin waɗanda nake karantawa an gina su ne a Ingila tsakanin 1811 da 1820, shekarun da Sarki George na Uku ya yi rashin lafiyar taɓin hankali, ɗansa ya riƙe masa sarauta. Georgette Heyer ce ta kafa wannan salo a wajajen 1935, kuma ta yi suna wajen tattara bayanai a kan tufafi da kekunan doki da karin maganar mutanen lokacin. A wancan zamani, dukiyar mace takan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure, kuma ba a gyara wannan sosai ba sai da dokokin 1870 da 1882. Kafin 1857, wanda yake son rabuwar da za ta ba shi damar sake aure sai majalisa ta yi doka ta musamman dominsa, kuma matan da suka taɓa samun haka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Dokar aure ta 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da yardar iyaye, abin da ya sa masoya suka riƙa guduwa tafiyar kwanaki zuwa ƙauyen Gretna Green, da ke cikin Sikotland da zarar an ƙetare iyaka, inda wannan doka ba ta aiki, ko maƙeri ma yana iya haɗa su a gaban shaidu. Hatta wasiƙa, kafin 1840 wanda aka aika wa ne yakan biya kuɗinta gwargwadon nisa da yawan takarda, har mutane sukan cika shafi su juya shi su sake rubutu a gicciye.

Wanda ya san waɗannan zai gane dalilin da ya sa kallo ɗaya a ɗakin rawa yake da nauyi haka. Budurwar da take tunanin amsa tayin aure tana yanke shawara ce a kan dukiyarta da 'yancinta har ƙarshen rayuwarta, kuma babu ƙofar fita in ta yi kuskure. Shi ya sa ba na iya jure marubucin da zai ɗauko yarinyar wannan zamani, da tunaninta da bakinta, ya sa mata doguwar riga ya tura ta 1815, ta yi ta taka dokoki babu abin da ya same ta. Tauraruwar da nake so ita ce wadda ta san farashin abin da za ta yi, ta ji tsoro, sannan ta yi. Akwai kuma wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya a kan waɗannan littattafai, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, amma bautar kanta sai a 1833 aka yi dokar soke ta, wanda ke nufin wani ɓangare na dukiyar da ake rawa a kanta daga gonakin bayi na tsibiran Karebiyan ta fito. Kaɗan ne daga cikin marubutan suke waiwayar wannan, kamar yadda kaɗan ne suke tuna cewa baiwar Allah da ta kunna kyandir ɗari kafin baƙi su iso tana da suna. In na ci karo da wanda ya tuna, nakan nemi sauran littattafansa.

Shekaranjiya da dare, don dai kada in ci gaba da zagin abin da ban kammala ba, na zaro littafin nan daga ƙasan tarin na karanta shafuka 30 ɗin da suka rage. A shafi na biyun ƙarshe budurwar ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta ta taɓa wani tsohon makulli, ni kuwa gabana ya faɗi. Na koma babi na huɗu, sai ga shi a rubuce cewa makullin ɗakin matar da aka kashe yana rataye a ƙusa ta cikin bakin ƙofa, kuma budurwar ba ta taɓa fita da shi ba saboda ta sa sabon kwaɗo. Na sake komawa daren da ta fita a guje, sai ga rabin layi ɗaya da na tsallake cikin ɗoki, inda ta wawuro duk abin da yake jikin ƙusar. Ashe tun farko da makullin aka ɗaure fatalwar, ni ne na ɗauka gidan ne. Na goge baƙar maganar da na rubuta da fensir a gefen shafin, na ajiye littafin kusa da na karen Baskerville. Abokin nawa dai har yanzu ban gaya masa ba.