Yadda na auna tirelar kwana da ƙarfin akori-kurata kafin na saya

Aikina duba famfunan tuƙa-tuƙa ne da gyaran rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Adar, daga Tahoua zuwa Keita da Buza da Madawa, kuma aiki ne da kan ajiye mutum a ƙauye kwanaki ba tare da masauki ba. Wannan ne ya sa na fara neman irin tirelar nan mai gado da ɗan wurin girki da tankin ruwa, wadda ake ɗaura wa mota a ja. Ba su da yawa a ƙasarmu, amma akan samu tsofaffi a Yamai, waɗanda suka shigo ta tashoshin jiragen ruwa na gaɓar teku ko kuma waɗanda ma'aikatan ƙungiyoyin waje suka bari. Motata Toyota Hilux ce mai kujerun baya, mai shan gazuwal, kuma tambayar da na sa a gaba ita ce wace tirela ce za ta iya ja ba tare da na jefa kaina da abokan aikina cikin haɗari ba.

Guda biyu na tarar. Ta farko ƙirar Amurka ce, tsawonta ya kai mita 8, tana da ƙafafu huɗu, da banɗaki, da faɗin da mutum zai miƙe ya wala. Ta biyu ƙirar Turai ce mai ƙafafu biyu, ba ta wuce mita 5 da rabi ba har da wuyanta. Mai sayarwa ya fi son in ɗauki babbar, kuma hujjarsa ɗaya ce: nauyinta kilo 2,200 ne, littafin motata kuwa ya ce tana jan kilo 2,500, saboda haka a ganinsa har da rara. Ban zarge shi da yaudara ba, domin lissafin da kusan kowa yake yi ke nan, amma lissafi ne da ya bar mafi yawan maganar a waje.

Kilo 2,200 ɗin da ya faɗa nauyin tirelar ne kamar yadda ta fito daga masana'anta, babu ruwa a tankinta, babu tukunyar gas, babu batir, babu katifa ko tukunya ko buhun shinkafa. A jikinta, ta gefen hagu wajen gaba, akwai takardar da maƙera suka manna, inda aka rubuta iyakar nauyinta idan an loda ta, kuma da na mayar da alƙaluman daga fam na Amurka zuwa kilo (fam ɗaya bai cika rabin kilo ba, kimanin gram 454 ne) sai na samu kusan kilo 2,900. Wannan shi ne adadin da ya kamata a kwatanta da ƙarfin mota, domin babu wanda yake tafiya daji da tirela wayam. Ruwa kaɗai, kowace lita kilo ɗaya ce. Tun daga nan babbar ta zarce abin da littafin ya yarje mini da kilo 400. Ya kuma kamata a sani cewa ba kowace Hilux ce take da adadi ɗaya ba: wasu sababbin ƙira an rubuta musu kilo 3,500, tsofaffi ƙasa da haka, kuma duk waɗannan alƙaluma na tirela mai burki ce, wadda ba ta da burki kuwa iyakarta kilo 750. Littafin motar mutum ne abin dubawa, ba na maƙwabcinsa ba.

Amma ko da motata tana cikin masu jan 3,500, da babbar ba ta dace da ni ba, kuma wannan ne abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai. Mota tana da iyakar abin da take ja, tana kuma da iyakar abin da take ɗauka a kanta, kuma na biyun ne yake fara cika. A jikin motocin da aka ƙera don kasuwar Turai akwai ɗan faranti, a bakin ƙofa ko a ɗakin inji, mai alƙaluma huɗu a jere: iyakar nauyin motar da kayanta, iyakar nauyin mota da tirela a haɗe, iyakar ƙafafun gaba, da iyakar ƙafafun baya. Biyun farko su ne takardun Faransanci suke kira PTAC da PTRA. A motata, idan aka cire nauyinta na kusan kilo 1,900 daga iyakarta, abin da ya rage bai wuce kilo 800 ba sosai, kuma cikin wannan ne za a lissafa direba da fasinja da duk abin da ke bodi. Mu huɗu ne muke tafiya, wato kusan kilo 300. Durom ɗin ruwa kilo 200, janareto da akwatunan kayan aiki da bututu kilo 150, jarkokin gazuwal na ajiya kusan 50. Kafin a ɗaura tirela ma mun cinye kilo 700.

Ragowar kilo 100 ne za su ɗauki nauyin da wuyan tirela yake dannawa a kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota, domin wannan nauyi a kan motar yake, ba a kan ƙafafun tirela ba. Tirelolin Amurka an ƙera su ne don su sauke kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsu a wuya, wanda ke nufin babbar za ta danna kusan kilo 350. Na Turai an sa ƙafafunsu kusa da tsakiya, kuma abin da suke dannawa yakan tsaya tsakanin kilo 75 da 100. Wani dattijon bakanike da nake kai wa motata a Tahoua ne ya nuna mini cewa ko kilo 350 ɗin ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Ya ɗauki ma'auni ya auna daga ƙafar baya zuwa mahaɗi, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗaura tirela, ya samu wajen mita 1.2, tsakanin ƙafar gaba da ta baya kuma mita 3 da ɗan ƙari. Na ce masa, "Baba, ai sai a ƙara mata sifirin ta daina zama." Ya ce, "Ɗana, sifirin zai ɗaga mata baya, amma ba zai mayar wa gaba nauyin da aka ƙwace mata ba, kuma da gaba ake juya mota." Da muka yi lissafin, ƙafafun baya za su karɓi fiye da kilo 480, na gaba kuma su rasa kusan kilo 140. Motar da gabanta ya yi sauƙi haka sitiyarinta yakan yi sakwa-sakwa, burkinta ya ragu, fitilunta su riƙa haska sama suna kashe wa masu tahowa ido.

Duk wanda ya taɓa loda amalanken jaki ya san wannan ma'auni: idan kaya suka yi gaba da yawa sai su durƙusar da jakin, idan suka yi baya sai sandunan su ɗaga shi har ƙafafunsa su rasa riƙon ƙasa. A tirela ma rage nauyin wuya ta hanyar tura kaya baya ba magani ba ne, shi ne ma ya fi haɗari, domin tirelar da bayanta ya fi nauyi ita ce take fara kaɗa wutsiya idan gudu ya ƙaru, kuma kowace kaɗawa takan fi ta baya girma har ta juya motar.

Sai batun tsawo da faɗi, wanda sikeli ba ya nunawa. Tirela mai mita 8 bango ce mai tafiya, kuma duk iskar da ta bugi gefenta tana tura bayan mota. Masu jan irin waɗannan a Amurka suna da wani ƙiyasi da suke amfani da shi, ba doka ba ce, cewa mota mai tazarar inci 110 tsakanin ƙafar gaba da ta baya ta isa tirela mai tsawon ƙafa 20 (kimanin mita 6), sannan kowane ƙarin inci 4 yana ba da ƙarin ƙafa ɗaya a tsawon tirela. Bisa wannan, Hilux tana tsayawa a wajen mita 7. Ni kuwa a hanyoyinmu ina ganin ko mita 7 ɗin ta yi yawa. Daga Yamai zuwa Dosso, Dogon Dutsi, har Birnin Ƙonni, titi ɗaya ne kawai da masu zuwa da masu dawowa suke rabawa, ana gogayya da manyan motocin kaya da bas-bas masu gudu, kuma kowace ta wuce sai ta turo iska sannan ta zuƙe ta. A lokacin hunturu iskar arewa maso gabas takan bugi mai hawa Tahoua daga gefe, a farkon damina kuma guguwar da ke gaban hadari ta fi ta ƙarfi. Faɗin tirelolin Amurka yakan kai mita 2.4, alhali Hilux ba ta kai mita 1.9 ba, wato madubin mota ba zai nuna komai a baya ba sai an ƙara masa hannu, kuma a inda bakin kwalta ya cinye, ƙafar tirela za ta riƙa faɗawa gefe ko da motar tana kan hanya.

Akwai kuma bambancin kayan haɗi, wanda da ido ba a gane shi. Dunƙulen mahaɗi na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2 ne, wato milimita 50.8, manyansu kuma inci 2 da 5/16. Bakin tirelar Amurka zai zauna a kan dunƙulen Turai kamar ya kama, alhali da ɗan sako-sako, kuma rami ɗaya ya isa ya fitar da shi. Burkin tirelar Amurka na lantarki ne, ba ya aiki sai an sa wa motar na'urar da ke aika masa wuta daga cikin ɗakin direba, na Turai kuwa da kansa yake kamawa idan tirela ta turo mota. Wanda ya ɗaura ta Amurka ba tare da wannan na'ura ba, kusan tan 3 yake ja da burkin mota kaɗai. Shi ma mahaɗin yana da farantinsa mai nuna nauyin da zai iya ɗauka, kuma ban yarda da wanda mai walda ya liƙa a jikin bamba ba, komai kyan aikinsa. Dole ya zama an ɗaure shi da ƙusoshi a jikin shasi.

Ƙaramar na saya. Iyakar nauyinta kilo 1,300 ne, wanda bai kai kashi 70 cikin ɗari na nauyin motata ba, kuma ƙungiyoyin masu irin waɗannan tireloli a Ingila suna shawartar sabon shiga kada ya wuce kashi 85. Kafin mu bar Yamai na loda ta yadda za mu yi tafiya, kaya masu nauyi a ƙasa kuma daidai kan ƙafafu, na sa sikelin auna mutum a ƙarƙashin bakinta da guntun katako mai tsayin mahaɗin mota, na yi ta matsar da kaya har ya tsaya a kan kilo 85. Da yake wannan ya kai motar gab da iyakarta, na rage ruwan durom zuwa rabi, muna cikawa a hanya. Sannan na roƙi alfarma a wani sikelin manyan motoci aka auna mini ƙafar gaba daban, ta baya daban, tirela daban. Tayoyinta kuwa na canza su duka, ko da yake zanensu bai ci ba, domin lambobi huɗun da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar ƙira, sun nuna sun haura shekara 7, kuma tsohuwar roba ba ta jure kwaltar watan Afrilu.

Tafiyar zuwa Tahoua, kimanin kilomita 550, ta tabbatar mini da zaɓin. Ban wuce gudun 80 ba, wanda shi ne ma iyakar da Jamus ta sa wa mai jan tirela idan ba shi da izini na musamman. Bayan Dogon Dutsi wata bas ta wuce mu da ƙarfi, na ji tirelar ta yi lilo sau biyu, na ɗaga ƙafa daga totur a hankali, na riƙe sitiyari a miƙe ban taɓa burki ba, ta dawo layi da kanta. Ta dawo ne domin motar ta fi ta nauyi sosai, kuma da babbar ce, wadda ta fi motar nauyi, ita ce za ta yi iko da mu. Man da muka sha ya ƙaru a fili, allurar zafin inji kuma ta ɗan motsa a hawan da ke bayan Badagishiri, sai na sauko giya na bar injin ya yi numfashi. A gangaren duwatsun hanyar Keita da ƙaramar giya nake sauka, domin burkin da aka danne tun daga sama yakan yi zafi ya daina kamawa kafin a kai ƙasa.

Abin da ƙaramar ba ta iya ba shi ne hanyar jar ƙasa mai gargada. An ƙera ta ne don titunan Turai, cikinta yana kusa da ƙasa, kuma girgiza tana kwance ƙusoshin kabad tana tsaga bututun ruwa. A yashin ƙorama kuma ƙafafunta biyu suna nutsewa su riƙe motar ko da an sa ƙafa huɗu. Saboda haka nakan ajiye ta a garin da kwalta ko hanya mai kyau ta ƙare, a gidan mai gari ko harabar asibitin ƙauye da izininsu, mu shiga ƙauyukan ciki da motar kaɗai mu dawo mu kwana. Duk lokacin da za mu tashi nakan sake auna wuyanta, domin kayan da aka fito da su ba sa komawa inda suke, nakan kuma duba iskar taya da sassafe kafin rana ta taɓa su, in gwada fitilun baya da igiyar ƙarfen da ke jan burkinta idan ta tsinke daga mota.