Agogon da ke cikin kaset ɗin Pokémon

Ɗan kawuna da ke karatu a Faransa ne ya zo hutu Damagaram ya bar mini ƴar na'urar wasansa ta hannu, Game Boy Color, da kaset guda, Pokémon Argent, wato na azurfa. Lokacin ina lakol, kaset ɗin kuwa ya riga ya sha jiki, don tun 1999 kamfanin Game Freak ya fitar da wasan a Japan, ya iso Turai a 2001. Na taɓa buga na farko, ja ɗin nan, a hannun wani abokina a Zango, saboda haka na ɗauka na san kan abin: ka kama halittu, ka horar da su, ka doke shugabannin gidajen dambe takwas. Ashe da saura.

Tun kafin a fara komai wasan ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na ƙosa in shiga, sai na danna abin da na tarar a allon, ƙarfe goma na safe, alhali an daɗe da yin isha'i. Kwana uku ina wasa a birkice. Da rana tsaka, ina zaune a zaure gumi na zuba, allon ya yi duhu, fitilun gidajen cikin wasan a kunne, mujiyar nan Hoothoot na fito mini daga ciyawa. Sai a sannan na gane kaset ɗin agogon gaske ne da shi a ciki, yana tafiya ko an kashe na'urar. Safiyarsa daga ƙarfe 4 zuwa 10, rana zuwa ƙarfe 6 na yamma, saura dare ne. Gyara lokacin kuma sai da wata lambar sirri da ba ni da hanyar samunta. Na haƙura na goge komai na sake daga farko, wannan karon ina kallon agogon bangon Inna.

Sauran sababbin abubuwan suna da yawa. An ƙaro halittu 100, jimilla ta koma 251. An kawo sababbin iri biyu, na ƙarfe da na duhu, don a karya lagon masu ƙarfin tunani waɗanda a wasan farko ba mai iya ja da su. Kowace halitta tana iya riƙe abu a hannu, ƴaƴan itace misali, ta ci da kanta idan ta jigata. An raba su maza da mata, ka kai biyu gidan reno su ba ka ƙwai. Har salula aka ba yaron da kake sarrafawa a wasan, waɗanda ka doke suna bugo maka waya suna surutun da ba ya ƙarewa.

Maganar maza da matan nan na raina ta, sai da saniya ta koya mini hankali. A gidan dambe na uku, a birnin Doublonville, shugabar tana da wata saniya mai ruwan hoda, Écrémeuh, masu buga na Turanci suna ce mata Miltank. Ni da na tashi ina ganin shanu a kasuwar dabbobi ban taɓa tsammanin saniya za ta sa ni kwana da baƙin ciki ba. Takan dunƙule ta mirgino, kowane bugu ya ninka na baya. In ka rage mata ƙarfi ta sha nononta ta warke. In namiji ka turo ta yi masa fari da ido, ya tsaya sororo ya ƙi kai duka. Sau shida tana share ni. Daga ƙarshe na koma kogo na yi ta nema har na kamo Racaillou mace, dunƙulen dutsen nan mai hannuwa biyu. Farin idon bai ci ta ba, mirginon ma bai yi mata wani lahani ba, muka gama da ita a zama ɗaya.

Amma agogon shi ne ya kama ni da gaske, domin ya cusa wasan cikin kwanakin mako namu. Talata, Alhamis da Asabar akwai gasar kama ƙwari a wani lambu, minti 20 ake ba ka. Ranar Alhamis, in an aike ni kasuwar Dole, sauri nake in dawo kada ta wuce ni. Ranar Juma'a kaɗai wata halittar ruwa, Lokhlass, ke fitowa a can ƙasan wani kogo, saboda haka da an sakko daga masallaci ko babbar riga ba na cirewa. Akwai wani tsoho a Écorcia da kake kai wa ƴaƴan itace ya sassaƙa maka ƙwallon kamu, ya ce ka dawo gobe, kuma goben gaske yake nufi. Évoli ɗina ma, wata halitta mai rikiɗa iri-iri, sai da na yi ta danna maɓallin B ina hana shi rikiɗa da rana, don baƙin nake so, Noctali, shi kuwa sai da dare. Matsalar dare ɗaya ce: allon Game Boy Color ba shi da haske na kansa. In an ɗauke wuta sai in maƙale tocila tsakanin kafaɗa da haɓa, Inna tana cewa daga ɗaki, "Kai, pil ɗin tocilar nan ba daga bishiya ake tsinko shi ba."

Na gama yankin Johto, ƙasar da wasan ke farawa, na ɗauka shi ke nan, sai aka miƙo mini tikitin jirgin ruwa zuwa Kanto, ƙasar wasan farko, da wasu gidajen dambe takwas. Ban san za a yi haka ba, har tashi na yi tsaye. Na tara lambobin nasara na gidajen dambe 13 cikin 16, jarrabawa ta matso, na jefa kaset ɗin a akwati.

Da na ɗauko bayan wata biyu, wurin da ake danna a ci gaba babu shi a allon. Sabon wasa kawai. Na hura kaset ɗin, na goge shi da gefen riga, na sake sawa ya fi sau goma.

Wani mai gyaran salula na kai wa. Ya juya shi, ya ga kan sukurun ba irin na kullum ba ne, ya yi dabara da ƴar hantsakinsa ya kwance. A ciki ga ɗan pil zagayayye kamar tsabar kuɗi, an rubuta CR2025 a kansa.

"Samari, wannan ai ya mutu. Shi ke riƙe maka ajiyar, shi kuma ke ciyar da agogon dare da rana. Dole ya ƙare da wuri."

"Maigida, in an sa sabo za su dawo?"

Ya girgiza kai yana ɗora dalma. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, kuma ko da ran tsohon pil aka cire shi, ajiyar gogewa take yi.

Tun daga ranar, duk tsohon kaset da ya shigo hannuna ba na fara dogon wasa sai an canza masa pil tukuna, komai kyan bayansa. Bayan an canza sai in yi ɗan wasa, in ajiye, in kashe, in bar shi ya kwana, da safe in duba ko lokacin ya yi daidai da na bango. Na sake hawa Johto daga tushe, saniyar ma a karo na farko na kayar da ita. Amma har yau ban kai ga Red ba, jarumin wasan farko, wanda ke jira a ƙwanƙolin dutsen Argenté da Pikachu ɗinsa mai mataki 81. Lambobina 11 yanzu.