Ƙahon da na zaɓa ido a rufe

Ranar da muka bar Omdurman, makonni kaɗan bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, ban ɗauki ƙahona ba. Na bar shi cikin akwatinsa a saman kabad bisa zaton cewa za mu dawo kafin Babbar Sallah, kuma har yau ban san hannun da ya faɗa ba. Ƙahon da nake nufi shi ne na Turawa mai bawul uku, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu don sauya murya, wanda a Sudan muke kira turumbet, ko da yake tsofaffin unguwarmu ba su taɓa yarda su bambanta shi da kakakin fada ba, kullum cewa suke yi ga yaron nan mai kakaki. Shekara goma sha huɗu na yi ina cin abinci da shi a gidajen biki da ɗakunan ɗaukar sauti, sai ga shi na sauka Jidda a jirgin ruwa daga Sawakin ba ni da abin busawa.

Don kada leɓena ya mutu, na sayi wani mai araha ta intanet, wanda ba zan faɗi sunan kamfaninsa ba, kuma bai yi wata huɗu ba bawul ɗinsa na biyu ya fara maƙalewa a tsakiyar busa. Da wannan na yi ta lallaɓawa har aiki ya fara samuwa, domin tun da aka kafa hukumar kiɗa ta Saudiyya a 2020 tarurrukan da ake neman mabusa sun yawaita. A nan ne na gane cewa dole in nemi ƙahon ƙwararru, kuma zuciyata ba ta yi wata-wata ba ta tafi kan Bach Stradivarius mai lamba 37, wanda ake ƙerawa a garin Elkhart na jihar Indiyana a Amurka, wanda kuma tun ina ɗalibi nake jin malamanmu suna ambatonsa kamar yadda ake ambaton ingarman doki. Idan bai samu ba, to Yamaha Xeno na Japan. Ban san na uku ba, ban kuma nemi in sani ba.

Matsalar ita ce shagunan kayan kiɗan da na zaga cike suke da udi da fiyano na lantarki da ganguna, ƙahon da ke cikinsu kuwa na masu koyo ne. Yin oda daga waje na nufin kuɗin jirgi da harajin kashi 15 cikin ɗari a kan abin da ban taɓa sa wa baki ba. Ina cikin wannan wasiwasi wani abokin aiki ya kai ni wurin wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, wanda ya yi ritaya daga badujala, yake gyaran kayan busa a wani ɗaki da ke bayan gidansa. Da na faɗa masa abin da nake nema, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, suna ka zo saya ko murya?" Na ce, "Kawu, ai sunan ba a banza ya yi ba." Ya ce haka ne, in dawo jibi bayan La'asar, in zo da bakin busata, wato ɗan ƙarfen da ake ɗora wa leɓe.

Ƙaho uku na tarar a shimfiɗe kan darduma, duka na hannu ne, na mutanen da suka gama aiki za su bar ƙasar. Kafin ya bar ni in busa ko ɗaya, sai da ya sa na yi abin da ban taɓa yi ba tun da nake sana'ar. Ya sa na zaro bututun bawul na uku ba tare da na danna komai ba, sannan na danna, sai aka ji wani ɗan sauti kamar an buɗe kwalba, alamar cewa fistin da ke cikin bawul ɗin bai cinye ba kuma iska ba ta zurarewa ta gefe. Daga nan ya cire babban bututun daidaita murya, ya ɗaga ƙahon ya saita shi da hasken taga, ya ce in leƙa cikin bututun da ke karɓar bakin busa. Abin da yake nema shi ne wasu ɗige-ɗige ja, waɗanda ke nuna cewa tutiyar da ke cikin tagullar ta fara zagwanyewa ta bar jan ƙarfe mai rauni, har wata rana wurin ya huje. Tagullar da aka saba ƙera ƙaho da ita kashi 70 jan ƙarfe ne, kashi 30 tutiya, akwai kuma mai kalar zinariya wadda jan ƙarfenta ya kai kusan kashi 85, kuma ita ta fi jure wannan cuta. A Omdurman, inda iska ke busar da riga kafin ka gama shanya ta, ban taɓa damuwa da wannan ba, amma a Jidda, inda gumi da raɓar teku ke bin komai, Kawu ya ce shi ne abin da yake fara dubawa.

Sannan ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini idanu, ya naɗe tsakiyar kowane ƙaho da tsumma don kada yatsuna su gane shi, ya koma can bakin ƙofa ya zauna. Dalilinsa shi ne mai busa yana bayan mazurarin ƙahon ne, abin da yake ji ba shi ne abin da jama'a ke ji ba, don haka kunne biyu ake buƙata, ɗaya a baya ɗaya a gaba. Bakin busa ɗaya na yi amfani da shi a duka ukun, wato mai lamba 3C da na saba da shi, domin idan aka canza abu biyu a lokaci guda ba a sanin wanda ya kawo bambanci. Na fara da dogon sauti a hankali ƙwarai, kusan raɗa, don kowane ƙaho yana iya ihu, amma ba kowanne ke amsawa ba idan an yi masa magana a tausashe. Na farko ya amsa da murya mai kauri da nauyi. Na biyu ya fi haske, yana tashi da sauri. Na uku kuwa sai na ji iskata tana shiga kamar ƙafa a cikin tsohon takalmi, ba ya tura ni baya, ba ya kuma haɗiye numfashina.

Na daɗe a kan wuraren da kowane mabushi ya san ƙaho na yin gardama. Muryar da ake kira Re ta ƙasa, wadda ake danna mata bawul na ɗaya da na uku, a kowane ƙaho takan haura sama da inda ya kamata, sai an tura bututun na uku da yatsa an sauko da ita, Mi ta sama kuwa takan zauna ƙasa kaɗan sai an ɗaga ta da leɓe. Wannan halittar ƙahon ce, tambayar kawai ita ce yawan wahalar da za ka sha kafin ka daidaita. Abin ya fi damuna yanzu fiye da dā, domin kiɗan Sudan da na taso a ciki a kan muryoyi biyar yake tafiya, ƙaho na shiga cikinsa ba tare da matsi ba, amma a nan ana yawan neman in bi maƙamai, wato tsarin muryoyin kiɗan Larabawa, irin Rast da Bayati masu muryar da ke faɗawa a tsakanin biyu, wadda bawul uku ba su tanada ba. Akwai ƙaho mai bawul na huɗu da Nassim Maalouf ɗan Lebanon ya ƙirƙiro saboda wannan, amma ni da leɓe da bututu nake lanƙwasa muryar, saboda haka ina buƙatar ƙahon da zai bar ni in lanƙwasa ba tare da sautin ya dushe ba. Na uku ya bar ni. Sau uku Kawu ya sassauya jerin, sau uku na koma kansa, shi ma daga bakin ƙofa ya ce shi ne wanda ya fi isowa gare shi a dunƙule.

Da aka kwance mini ido sai na ga na farkon nan mai kauri shi ne Bach ɗin da nake mafarki, kuma babu abin da zan kushe masa, ƙaho ne na gaske. Wanda na zaɓa kuwa an rubuta masa B&S Challenger, lamba 3137, sunan da ban taɓa ji ba. Ashe a Markneukirchen ake ƙera shi, wani ƙaramin gari a jihar Saksoni ta Jamus kusa da iyakar ƙasar Cek, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana sana'ar kayan kiɗa. Kamfanin ya yi zamaninsa a ƙarƙashin Jamus ta Gabas, kuma ina ganin wannan na cikin abin da ya sa sunansa bai yi tafiyar da na Amurka da Japan suka yi ba. Faɗin bututunsa irin matsakaicin nan ne na milimita 11.66, bututun da ke karɓar bakin busa kuma na tagulla mai kalar zinariya ne, abin da ya sa Kawu ya yi ta gyaɗa kai.

Duk da haka ban biya nan take ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba: ina jin kunyar ranar da abokan aiki za su leƙa mazurarin su ga sunan da ba su sani ba, ina kuma lissafin cewa idan wata rana na matsu, mai suna ya fi saurin samun mai saye. Kawu bai musa ba. Cewa ya yi in tafi da shi gida in yi mako guda, in busa shi a ɗaki mai sanyi in kuma busa shi a waje, domin zafi na ɗaga muryar ƙaho, kuma wanda zai yi aiki a Jidda dole ya san yadda nasa ke canzawa tsakanin na'urar sanyaya ɗaki da filin biki. A dare na biyar na busa shi a wani bikin 'yan Sudan, kuma sai da muka tashi na tuna cewa tun farkon dare ban yi tunanin ƙahon ba ko sau ɗaya.

Washegari na kai kuɗin, wanda bai kai abin da na tanada ba da nisa. Kawu ya ƙirga, ya ɗora mini kwalbar man bawul da wani siririn buroshi, ya ce, "Ɗana, duk daren da ka busa, ka goge cikin bututun nan kafin ka kwanta, ko da ƙarfe uku ka dawo." Ragowar kuɗin na aika wa mahaifiyata a Gadarif.