Koyar da Muhawara a Ajin SS2

A wannan zangon karatu na mayar da hankali kan koya wa ɗalibaina na SS2 a Birnin Kebbi yadda ake kafa hujja a rubuce da kuma a baki, domin WAEC kan kawo tambayar muhawara a jarrabawar Ingilishi, kuma tana buƙatar rubutun da bai gaza kalmomi 450 ba.

Batun da na ba su na gida ne: shin noman shinkafa ya fi aikin gwamnati amfani ga matashin Kebbi? Nan take aji ya ɗau zafi, amma yawancin maganganun ba su wuce "haka babana ya ce" ba. Sai na shimfiɗa sharaɗi cewa duk wanda ya faɗi ra'ayi dole ya biyo shi da dalili da misali, sannan ya kawo hujjar abokin hamayyarsa mafi ƙarfi ya warware ta. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ba su wuya, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan darasin.

Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ambaci shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a jihar nan a 2015, ta kuma amince cewa ambaliya kan cinye gonakin fadama kafin ta kare matsayinta. Na ji daɗin hakan ƙwarai, musamman ganin yadda kunya ke hana 'yan matanmu musanta magana a gaban jama'a. Mako mai zuwa kowane ɓangare zai kare ra'ayin da ya soka.