Ranar da katafila ta yanke mana haske

Laraba, ƙarfe 11:30 na dare

Har yanzu yatsuna suna warin sifirit, gwiwoyina kuma suna ciwo saboda durƙuso a bakin rami. Ya kamata in kwanta, amma idan ban rubuta abin da ya faru yanzu ba, gobe zai koma layi biyu a rahoton ofis: waya ta katse ƙarfe kaza, an gyara ƙarfe kaza.

Ƙarfe 9:12 na safe ina zaune a ɗakin sabobin jami'a, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayananta, sai layin da ke nuna zirga-zirgar bayanai a allo, wanda kullum yake hawa yana sauka kamar numfashi, ya faɗi ƙasa ya miƙe sambal a kan sifili. Na tashi na duba na'urar da wayar fayiba ke shiga, wato wayar zaren gilashi da ke kawo mana intanet ta hanyar haske. Fitilar da ta saba zama koriya ta koma ja, alamar babu ko ɗigon haske da ke isowa daga ɗaya ɓangaren. Kafin in koma kujera wayar ofis ta fara ruri.

Kowa kira ya yi, ban da mutum ɗaya. Wata malama daga sashen nazarin ƙananan halittu ta tako da ƙafarta har ɗakinmu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, don Allah yaushe zai dawo?"

"Dakta, ki ba ni awa ɗaya in gano inda ya yanke, sannan in gaya miki gaskiya."

Sai ta zauna ta yi mini bayani. Shekara 2 ta yi da ɗalibanta suna tattara samfurin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, suna karanta ƙwayoyin halittarsu. Abin da suka tara ya kai terabait 4. An ba ta gurbi a wata babbar kwamfutar bincike a Turai, kuma gurbin zai buɗe gobe ƙarfe 8 na safe. Idan bayanan ba su isa ba, a ba wani, ita kuma ta koma ƙarshen layi na wasu watanni. Muryarta ba ta ɗaga ba ko kaɗan, amma na ga yadda take murza zoben hannunta.

Na yi mata lissafi a kan takarda don ta gani da idonta. Layinmu na cibiyar bincike yana ɗaukar gigabit 10 a sakan ɗaya, wato terabait 4 zai wuce cikin ƙasa da awa ɗaya idan hanya ta yi kyau. Ƙaramin layin ko-ta-kwana da muka koma kansa megabit 100 ne, kuma ko da an kori kowa an bar mata shi ita kaɗai, sai ya kusan kwana 4. Ta ce to ko a zuba a faifai a aika ta jirgi? Na ce mata ai manya ma sun yi haka. Masanan da suka fitar da hoton baƙin ramin sararin samaniya na farko a watan Afrilun 2019, bayanan da suka ɗauka a 2017 sun kai kimanin petabait 5, kuma a faifai aka loda su a jirage zuwa Jamus da Amurka. Waɗanda aka ɗauka a ƙuryar kudancin duniya ma sai da suka jira watanni sanyi ya wuce jirgi ya iya sauka. Amma su ba su da wa'adin gobe da safe. Namu faifan ba zai isa ba.

Na ɗauko OTDR, na'urar da nake jin ta kamar sandar makaho a wannan aiki. Tana cilla ɗan haske cikin zaren, ta tsaya ta saurari abin da ya dawo. Haske a cikin gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan, don haka daga lokacin da ya ɗauka ya je ya dawo take gane nisan wurin da ya ci karo. Ta nuna mita 2,340. Na ɗora a kan taswirar hanyar kebul ɗin, yatsana ya sauka daidai inda na ga ana haƙar magudanar ruwa tun makon jiya.

Ni da yaron da ke koyon aiki a hannuna muka kwashi kaya muka tafi. Tun daga nesa na hango katafila a tsaye, bakinta rataye da baƙar waya kamar saiwar bishiya. Direban ya sauko yana share gumi.

"Wallahi oga ban gani ba. Babu wanda ya ce mini akwai abu a nan."

Na yarda da shi. Ledar gargaɗin da aka binne saman kebul ɗin ta riga ta ruɓe, turakun alama kuma an tumɓuke su tun ranar da aka fara share wurin. Shi an ce masa ya haƙa daga nan zuwa can, ya haƙa. Wanda ya ba shi aikin ne bai nemi taswira ba, mu kuma da muka ga an fara haƙa ba mu je mun tsaya a kansu ba. Na ce masa ya ja motar baya, ya taimaka mana da mutum biyu masu shebur.

Kebul ɗin mai zare 24 ne. Da yake katafila ta ja shi kafin ya tsinke, ba a haɗa baki da baki kawai. Sai an yanke duk inda ya miƙe a ɓangarorin biyu, a sa sabon guntu a tsakani. Ke nan mahaɗa biyu, zare 48 da za a narka ɗaya bayan ɗaya. Muka kafa laima don ƙura, muka shimfiɗa leda, na ɗora injin haɗin a kan akwati.

Wannan ɓangaren aikin nake so, duk da wahalarsa. Za ka feɗe rigar roba, ka goge man da ke ciki, sai zarurrukan su bayyana kowanne da launinsa: shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, toka-toka, fari, haka har 12, sannan a sake daga farko a bututu na biyu. Ka kama shuɗin ka kankare fentinsa, abin da ya rage gilashi ne zalla mai kaurin maikiron 125, kusan kaurin gashin kai. Hasken ma ba duk cikinsa yake bi ba, yana bin wata 'yar zuciya ce a tsakiya mai faɗin maikiron 9. Ka goge da sifirit har ka ji yana ƙara tsit-tsit a tsakanin yatsu, ka sa a abin yanka ya datse shi daidai wa daida, ka kwantar da shi a injin. A ɗan allon injin sai ka ga bakuna biyu sun zama kamar manyan gungume, suna matsowa a hankali, suna gyara tsayuwa sama da ƙasa har su fuskanci juna. Sai wuta ta yi walƙiya sakan ɗaya ko biyu. Da hasken ya lafa ba za ka ƙara ganin inda aka haɗa ba. Injin ya rubuta 0.02, wato hasken da ya zube a mahaɗar bai taka kara ya karya ba.

Yaron ya yi na biyar da hannunsa. Injin ya ƙi karɓa, ya ce bakin ya karkace. Ya sake yankewa, ya sake, a karo na uku ya shiga. Abu biyu na nanata masa kamar yadda aka nanata mini. Kada ya taɓa leƙa bakin zare da ido, domin hasken da ake aikawa na nanomita 1550 ne, ido ba ya ganinsa amma yana ƙona shi. Sannan duk guntun gilashin da ya yanke ya manna shi a salatif, don idan ya shige fata ba a ganinsa balle a cire.

Wajen zare na 30 bayana ya fara ƙagewa, sai yaron ya tambaye ni wa ya fara tunanin wannan abu. Na ba shi labarin Charles Kao, haifaffen Shanghai da ke aiki a Ingila. A 1966, lokacin da haske ba ya iya tafiyar 'yan mitoci a gilashi ba tare da ya mutu ba, shi da abokin aikinsa George Hockham suka rubuta cewa laifin ba na gilashi ba ne, na dattin da ke cikinsa ne. A tace shi, haske zai yi nisa. A 1970 kamfanin Corning ya ƙera zaren da ya tabbatar da maganar. Zaren da ke hannunmu yau sai haske ya yi tafiyar kusan kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. Kao ya jira har 2009 kafin a ba shi kyautar Nobel. Yaron ya ɗaga zaren sama yana kallonsa a hasken rana, bai ce komai ba.

Ƙarfe 4:40 fitila ta koma koriya. Na kira Dakta na ce ta fara turawa, na kama hanyar ofis ina jin kamar an sauke mini dutse.

Ina shiga na tarar da ita a bakin ƙofa kuma. Bayanan suna tafiya, amma megabit 300 kacal. A haka sai sun yi awa 30.

Abin da ya sa irin wannan matsala ke da wuyar kamawa shi ne kowa lafiya yake gani. Ɗalibai suna kallon bidiyo, wasiƙu suna shiga, shafuka suna buɗewa. Ita kaɗai ke shan wahala. Bayanai a intanet ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, kuma ƙa'idar TCP da ke tura su tana da tsantseni: da ƙunshi ɗaya ya ɓace sai ta ɗauka hanya ta cunkushe, ta rage gudu sosai, sannan ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan tana jiran amsa daga can. Idan can ɗin maƙwabcinka ne, nan da nan ta farfaɗo. Idan wata nahiya ce, kafin ta koma gudunta wani ƙunshin ya sake ɓacewa. Injiniyoyin ESnet, cibiyar da ke haɗa ɗakunan binciken ma'aikatar makamashi ta Amurka, sun nuna cewa ɓacewar ƙunshi ɗaya cikin 22,000 ta isa ta durƙusar da layin gigabit 10 idan tafiyar mai nisa ce. Na kunna gwajin perfSONAR, manhajar auna lafiyar hanyar bayanai, ya tabbatar mini muna zubar da ƙunshi, kuma a cikin gidanmu ne.

Gabana ya faɗi, don na zaci ɗaya daga cikin mahaɗai 48 ce, ga rami an fara mayar da ƙasa. Na sake sa OTDR, duk suka fito tsaf. Sai na tuna da safe na zare kan wayar daga na'ura don yin awo, na ajiye shi a kan tebur ba murfi. Na sa shi a madubin dubawa. Ga ta nan, ƙura ƙwaya ɗaya, zaune a gefen zuciyar zaren kamar tsakuwa a bakin rijiya. Laifina ne, kuma na gaya wa Dakta haka. Na goge sau biyu, na sake dubawa, na mayar.

Muka tsaya mu uku muna kallon allo. Gigabit 1, 3, 6, ya haura 8 ya zauna. Dakta ta dafe bakinta da hannu ta ce, "Alhamdulillahi." Ta ja kujera ta zauna, ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga ƙarshensa.

A cikin awa ɗaya da 'yan mintunan nan na nuna mata hanyar da aikinta ke bi. Daga ɗakinmu zuwa cibiyar jami'o'i ta ƙasa, daga nan zuwa ta yanki, sannan ta ƙarƙashin teku zuwa GÉANT da ke haɗa cibiyoyin Turai. Kowane yanki da tasa: Internet2 a Amurka tun 1996, RedCLARA a Latin Amurka, UbuntuNet Alliance a gabashi da kudancin Afirka tun 2005, WACREN a yammaci da tsakiyarta, ASREN a ƙasashen Larabawa. Intanet ɗin kasuwa an gina shi ne don miliyoyin mutane masu ɗaukar abu kaɗan-kaɗan, kuma ribar mai shi tana cikin cika layin. Waɗannan kuwa da gangan ake barin sarari a cikinsu, domin ranar da mutum ɗaya zai zo da kaya irin nata ya samu hanya a buɗe. A kan irinsu ne CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ke Turai, ke rarraba bayanan babbar na'urar gwajinta ga cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe fiye da 40, aikin da ya kai ga gano ƙwayar zarrar da ake kira Higgs a 2012. Ta ce ita eduroam kawai ta sani, wanda ke sa wayarta ta kama intanet da kanta a duk jami'ar da ta je taro. Na ce mata ai gida ɗaya ne.

Abin da ke ci mini rai, ko a lokacin da lambobin ke gudu, shi ne duk wannan doguwar sarƙa tana rataye ne a kan kebul ɗaya da ke bin gefen titi ɗaya. Sau biyu na rubuta a ba mu hanya ta biyu da za ta fita ta wata ƙofar, ta bi wani titin daban, yadda idan aka yanke ɗaya bayanai su juya da kansu kafin kowa ya lura. Sau biyu ana cewa a jira. Ban ga laifin masu riƙe da kasafi ba gaba ɗaya, domin abin da ke binne a ƙasa yana aiki shiru ba ya zuwa a rai sai ranar da ya mutu. Amma yau ina da abin da zan ɗora a kan tebur: awa 7 da rabi babu babban layi, da aikin shekara 2 da ya kusan rasa gurbinsa. Na tambayi Dakta ko za ta sa hannu a takardar tare da ni. Ta ce in kawo mata gobe, za ta kai wa shugaban sashensu ma.

Ƙarfe 7:05 fayil na ƙarshe ya wuce. Ƙarfe 9 ta turo mini saƙo cewa an tantance a can, babu ko ɗaya da ya lalace a hanya.

Gobe da sassafe za mu koma ramin mu zuba kankare a kan mahaɗan biyu, mu binne sabuwar ledar gargaɗi, mu kafa turaku. Zan kai wa mai kula da aikin magudanar kwafin taswira hannu da hannu, don akwai sauran mita 600 da za su haƙa a gefen kebul ɗin. Yaron ya roƙi in bar shi ya yi awon ƙarshe da kansa, na ce ya zo da murafan kan waya a aljihunsa.