Fuska ta dawo, yatsu sun ƙi

Shekara huɗu kenan da albaras ya fito mani, ɗan fari a gefen ido, daga baya ya sauka yatsun hannu da idon sawu. Gwaggona har yau ta tsaya a kan cewa kifi na ci na kora da nono. Jiƙo kam na sha har na gaji kafin na haƙura na je wajen likitan fata nan cikin Katsina.

Abin da ya fara faɗa mani shi ne ba kuturta ba ce kuma ba a ɗauka, garkuwar jikina ce ta juya tana kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ya rubuta mani man shafawa iri biyu, tacrolimus na fuska, hannu da ƙafa kuma clobetasol, shi wannan ɗin ana shafawa a huta don yana sirantar da fata in an zarce. Ya kuma sa aka duba mani maƙoshi, wai ciwon maƙoƙo da albaras su kan zo tare.

Wata shida fuska ta ciko, ɗigo ɗigo kamar an yayyafa gero. Yatsu kuwa ko gezau. Na koma raina a ɓace, sai ya ce hajiya kalli inda launin ya fara dawowa, ai daga gindin gashi ne, can ƙwayoyin ke ɓuya, to kan yatsa da tafin ƙafa ina gashin yake? Wallahi da tun farko na san haka da ban zubar da hawayen da na zubar ba.

Cikin sauran hanyoyin magani akwai haska fata da na'ura sau 2 ko 3 a sati na tsawon watanni, akwai dashen fata in farin ya shekara bai ƙaru ba, akwai kuma wani man shafawa, Opzelura, da Amurka ta amince da shi a 2022, kuɗinshi dai ba na irinmu ba ne. Duk cikinsu yatsu ne ke zuwa ƙarshe.

Yanzu abin da nake yi kiyayewa, takalmi mai matsi na bari, wanki da ƙarfi ma haka, don duk inda fata ta gurje nan sabon fari kan tsiro. Bikin ƙanwata a Daura jan lalle na gargajiya na ƙunsa har wuyan hannu, ya kama farin ya yi jawur. Mai lallen ta so ta bi da dayis na ce a'a yaya, likita ya hana, sinadarin cikinshi na iya ƙona fata ya ƙara wani farin.